Keken da Ya Raɗa wa Singa Suna

Wanda ya shiga Kasuwar Singa yau, abin da zai tarar shi ne tireloli na sauke buhunan sukari da fulawa, 'yan dako na kai-komo da katan-katan na taliya da sabulu. Da wuya ya yi ido biyu da keken ɗinki. Amma kuwa da keke ake danganta sunan kasuwar, wato Singer, kamfanin da Isaac Singer ya kafa a Amurka a 1851, wanda kekunansa suka zama jarin teloli a Fagge da Sabon Gari bayan layin dogo ya iso Kano a 1911.

Kwanan baya na ga irin wannan keke a kurar wani ɗan gwangwan. Baƙi ne, adon ruwan zinaren jikinsa ya koɗe, matakinsa ya yi sulɓi saboda ƙafar da ta shekara tana taka shi. A kilo za a auna shi, a narkar. Abin ya tsaya mini a rai.

Muna da wurin ajiya. Gidan Makama, kusa da fadar Sarki, tun ƙarni na 15 aka gina shi domin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499. Yau gidan tarihi ne. Akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin ganuwa, da makamai, da kayan kiɗa, da ɗakin amarya da jerensa. Sai dai mu mutanen gari mun ɗauka tarihi ya tsaya a kan takobi da sulke, shi ya sa ba ya faɗo mana mu kai abin da kakanninmu suka ci abinci da shi: sikelin awon gyaɗa, mudun katako, fitilar aci-balbal, kwalla da langa.

Ɗauki anini. Ɗan ƙaramin kuɗi ne mai huda a tsakiya, da tauraro da rubutun Larabci a jikinsa. A zamanin da ake kashe shi, guda goma ne kobo, kobo goma sha biyu sule, sule ashirin fam. Da naira ta zo a ranar 1 ga Janairun 1973, fam ɗaya ya koma naira biyu, sisi da taro suka rage a bakin mutane kawai. Yaron shago a Singa zai ce maka ba shi da ko sisi, alhali bai taɓa riƙe shi ba.

Abin da ba a kai wurin ajiya ba kuwa, rana ɗaya yake salwanta. Gobarar Kasuwar Sabon Gari ta 2016 ta cinye dubban rumfuna. An yi lissafin hajar da ta ƙone, amma tsofaffin littattafan bashi da rasiɗan da ke cikin akwatuna ba su shiga lissafin ba.