Jirgin katako da radiyon da ba ya jin kira

A Faransa, tun da jirgin Jodel ya fara tashi a 1948, mutane ke ƙera irinsa a gida da katako da yadi. Wahala takan ɓullo ranar da aka ɗaura radiyo: matuƙi ya kira hasumiyar filin jirgi, sai ƙara kawai.

Sau da yawa radiyon lafiya lau yake. Eriya na bukatar ƙarfe a ƙarƙashinta, katako kuwa ba ya wannan aiki, sai an shimfiɗa fallen alminiyam. In ƙarar tana bin gudun inji, akan kashe maganeto guda, wato mai ba inji tartsatsi, a saurara, sannan ɗayan. Wanda kashe shi ya kawo shiru, wayoyinsa za a bincika kafin jirgi ya bar ƙasa.