Daga Lissafi Zuwa Fayil: Yadda Ake Adana Kiɗan Kwamfuta

A shekarar 1957 wani injiniya mai suna Max Mathews, na cibiyar bincike ta Bell da ke Amurka, ya rubuta manhajar MUSIC, wadda ta sa kwamfuta haɗa sauti da lissafi zalla. Kwamfutar, ƙirar IBM 704, ba ta da saurin fitar da sautin nan take. Sai dai ta zuba lambobi a kan tef, a kai shi ga wata na'ura mai mayar da lambobi sauti, sannan kunne ya ji. Kiɗan farko bai wuce daƙiƙa 17 ba. Wato tun fil azal, rubuta sauti ya riga jin sa.

Jikar waccan manhaja ita ce Csound, wadda Barry Vercoe ya samar a jami'ar MIT. A cikinta, umarni guda ne ke raba hanya: in ka rubuta -o dac, sautin ya nufi lasifika ya bi iska, in ka rubuta -o da sunan fayil, ya zauna a ma'adana. Hanya ta biyu ta fi aminci, domin kwamfuta ba ta tsere da agogo. Ko da tsohuwa ce, za ta yi lissafinta a tsanake, sautin ya fito ba tsinkewa.

Me ke cikin fayil ɗin? A ma'aunin faifan CD, lambobi 44,100 ne kowace daƙiƙa ga kowane kunne, kowace lamba mai bit 16. Minti ɗaya kan cinye kimanin megabayit 10. Tsarin WAV, wanda Microsoft da IBM suka fitar a 1991, yana da ɗan gajeren kai da ke bayyana tsawon sautin, kuma sau da yawa sai an rufe fayil ake cike wannan gurbi. Nan ne ɗalibaina suka fi yin tuntuɓe. Mai aiki da harshen ChucK da ya katse shirinsa ba tare da rufe fayil ba, ko wanda wuta ta ɗauke masa a tsakiyar aiki, kan iya tarar da fayil mai nauyi amma bebe. Lambobin suna nan, kan ne bai cika ba.

Akwai kuma wuce iyaka. In ƙarfin sauti ya zarce abin da bit 16 ke iya ɗauka, sai a sare ƙololuwarsa ya koma ƙara mai kartar kunne, kuma abin da aka sare ba ya dawowa.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗabi'ar adana aiki a MP3 kaɗai, wadda na sha gani wurin matasanmu masu haɗa kiɗa. MP3 yana rage nauyi ne ta hanyar zubar da abin da ake zaton kunne ba zai lura da shi ba. Don turawa aboki a waya, madalla. Amma ranar da aka nemi sake gyara waƙar, ko ɗora ta a fim, asalin WAV ake tambaya, tare da rubutaccen umarnin da ya haife shi.