Keken Lantarki da Keken Feda: Wanne Ya Fi Hatsari?

Kowa ya san keke irin na iyayenmu, wanda ƙarfin ƙafa ke tafiyar da shi. To, yanzu ga ƙanensa ya fito, watau keken lantarki, mai ɗan inji da batir da ke taimaka wa mahayi. Tun da man fetur ya yi tsada bayan janye tallafi a Nijeriya cikin 2023, idon jama'a ya fara komawa kansa. Saboda haka ya kamata mu san inda ya fi keken feda hatsari.

Abu na farko shi ne gudu. Mai keken feda yakan yi kamar kilomita 15 a awa in ba sauri yake yi ba. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ce kada injin keken lantarki ya wuce wat 250, kuma ya daina taimako da zarar gudu ya kai kilomita 25. A Amurka kuwa akwai irin da ke kai 45. A darasin kimiyya an koya mana cewa in gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin karo da nisan da za a yi kafin birki ya tsayar da keke sukan ninka sau huɗu. Direban mota kuma yakan hango shi ya zaci keken feda ne, sai ya sha gabansa.

Na biyu, nauyi. Keken feda na zamani bai cika wuce kilo 15 ba, amma na lantarki yakan kai 20 zuwa 30. Mai nauyi ya fi wuyar sarrafawa a kwana ko cikin rairayi, musamman ga yaro ko tsoho. A Ingila sai mai shekara 14 ake bari ya hau shi a titi.

Na uku, batir, wanda keken feda ba shi da shi sam. Batirin litiyam in ya lalace, ko ya yi zafi ainun, ko aka yi masa caji da cajar da ba tasa ba, yana iya kamawa da wuta mai wuyar kashewa. A Fabrairun 2024 gobarar da ta tashi inda ake ajiye irin waɗannan kekuna ta kashe mutum 15 a wani gidan bene a Nanjin, ƙasar Sin.

Wannan ba ya nufin a guje shi. 'Yan'uwana ɗalibai, mu sa hular kwano, mu duba birki kafin fita, mu rage gudu a kasuwa da bakin makaranta. Iyayenmu kuma, don Allah kada a bar batir a caji ana barci, ko a bakin ƙofar ɗaki, ko cikin rana. Rigakafi dai ya fi magani.