Ƙaramin Jirgin Ruwa Mai Bin Umarni Daga Nesa

A shekarar 1898, a birnin New York na Amurka, wani masanin lantarki mai suna Nikola Tesla ya sa ɗan ƙaramin jirgi cikin ruwa a gaban jama'a, ya yi ta juya shi daga nesa, ba igiya, ba waya. 'Yan kallo suka riƙe baki. Abin da ya ba manya mamaki a wancan zamani, yau uba da 'ya'yansa suna iya haɗa shi a tsakar gida. Mu ma mun gwada tare da 'yan ajinmu, har muka sha kunya sau ɗaya, shi ya sa muke so mu gaya muku yadda abin yake.

Farkon aiki shi ne awo. Mun zaɓi irin jirgin nan mai jan manyan jirage zuwa tasha, kamar waɗanda ake gani a Apapa. A ce tsawonsa mita 30 ne, aka rage shi sau 50, sai ya zama santimita 60. Tilas kowane abu ya ragu haka, ƙofa da taga da tsani duka. Amma nauyi ba sau 50 yake raguwa ba, gama an rage tsawo da faɗi da zurfi. Sai a ninka 50 sau 50 sau 50, watau 125,000. Jirgi mai tan 500 ke nan zai dawo kilo 4. Yaran da suke gudun lissafi, ran nan da kansu suka nemi alli.

Daga nan sai gangar jiki. Akan yanka haƙarƙari daga fallen katako, a jera su bisa ƙashin baya, a lulluɓe da siraran katakai, a goge da sanfefa, kāna a shafe ciki da waje da gam da fenti waɗanda ruwa ba ya ci. A ciki ake zaunar da batir, da ƙaramin injin lantarki mai juya farfela, da akwatin karɓar saƙon rediyo, da wata 'yar na'ura mai karkata filafilin baya don jirgi ya bi dama ko hagu. Bututun da sandar farfela take bi, a cika shi da giris, in ba haka ba ruwa zai shigo ta nan. A dā rediyon irin wannan wasa yakan yi aiki a megahaz 27, jirage biyu kuwa in suka haɗu a layi ɗaya sai su rikice. Na yanzu yawanci gigahaz 2.4 ne, kowane rimot ya san jirginsa.

To, ga inda muka yi kuskure. Zumuɗin ado ya ɗauke mana hankali. Muka gina ɗakin matuƙi da katako mai kauri, muka ɗora fitilu da dogon bututun hayaƙi, batir kuma muka sa shi can sama domin sauƙin cirewa. Ranar gwaji iyaye suka taru a bakin tafki. Jirgi ya tafi sumul, amma da muka karkata shi dama, sai ya kife. Aikin wata uku ke nan, ga na'urorin da yara suka yi karo-karo suka saya sun sha ruwa. Wani yaro ya fashe da kuka.

Muka shanya kayan kwana uku, muka yi sa'a suka tashi. Muka sauko da batir ƙasan jirgi, muka sāke ɗakin matuƙi da kwali da roba marasa nauyi. Sa'an nan muka sa jirgin cikin bahon wanki, muna zuba ƙusoshi a ƙasansa kaɗan kaɗan har ruwa ya kai layin da muka zana, gaba da baya daidai, muka manne su. Kada a yi amfani da dalma, gama guba ce ga yara. In an tura jirgin gefe ya miƙe da kansa, to, ya isa shiga tafki.

Bayan wannan ne ado yake da daɗi. Zaren ɗinki ya zama igiya, wayar tagulla ta zama shingen bene, tayoyin motar wasa suka zama matasan gefen jirgi. Wata yarinya ta ɗiga jan fenti kaɗan wajen anga, ya fito kamar tsatsa.

Iyaye, in yaranku sun matsa a fara fenti, ku ce su kawo baho tukuna. Sannu ba ta hana zuwa. Ranar zuwa tafki kuma babba ya kasance tare da su, kada yaro ya bi jirgi cikin ruwa in ya tsaya a tsakiya. Doguwar gora ta isa.