Gaskiya ko Jita-jita: Ciwon Mara Bayan Haihuwa da Dawowar Al'ada ga Mai Shayarwa

A Makera, hedkwatar ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu, mai jego ba ta rasa masu ba ta shawara: uwa, uwar miji, ungozoma, har da 'yan barka. Duk don ƙauna suke yi, amma ba kowace magana ce ke da tushe ba. Ga huɗu da aka fi ji, da abin da ilimin likitanci ya tabbatar.

"In mara ta murɗa sa'ad da jariri ya kama nono, akwai matsala."

Jita-jita ce. Nan da nan bayan haihuwa, nauyin mahaifa ya kai kusan kilo 1, kuma cikin mako 6 take komawa kusa da yadda take a da. Tsotson jariri kan sa jikin uwa ya saki wani sinadari mai matse mahaifa, shi ne murɗawar da ake ji. Wannan matsewa ita ke toshe jijiyoyin inda mabiyiya ta rabu, ta rage zubar jini. Ciwon ya fi tsanani a kwana 2 zuwa 3 na farko, kuma ya fi damun wadda ta haihu da yawa fiye da mai haihuwar fari. Kada a daina shayarwa saboda shi. Yawan zuwa fitsari da shan farasitamol sukan kawo sauƙi.

"Kowane ciwon ciki na jego ne, kunun kanwa da ruwan zafi za su wanke shi."

Wannan jita-jitar na iya cin rai. Ciwon da aka saba da shi raguwa yake yi kullum. Wanda ke ƙaruwa, ko ya zo da zazzaɓi, ko jinin biƙi mai wari, ko zubar da ke jiƙe ƙunzugu cikin awa guda, yana iya zama ƙwayoyin cuta a mahaifa ko ragowar mabiyiya. Kanwa ba ta maganin ko ɗaya. Tun shekarun 1970 likitoci a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da shan kanwa da tsananin zafin wanka da gashi. Don haka kumburin ƙafa da haki ma ba abin jira ba ne. Babban Asibitin Gwamna Awan da asibitin St. Gerard suna nan Kakuri, maƙwabciyar Makera. A tafi ranar, ko da ba a yi suna ba.

"Mai shayarwa ba ta ɗaukar ciki sai ta ga al'ada."

Rabin gaskiya ce. Shayarwa na hana ɗaukar ciki da kusan kashi 98 cikin 100, amma sai sharuɗɗa uku sun haɗu: jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Da zarar an fara ba shi ruwa, koko ko madarar gwangwani, tsotso ya ragu, kariyar ta yi rauni. Ƙwan mace kuma yana iya fita kafin jinin farko ya bayyana, shi ya sa wata kan yi kwanika ba ta ga komai ba. Wadda ba ta shayarwa takan ga al'ada cikin mako 6 zuwa 8, mai shayarwa kuwa tana iya kai wata 6, ko ta wuce shekara. Duk lafiya ne.

"Al'ada na ɓata nono, jariri zai yi gudawa."

Jita-jita ce. Nonon na iya ɗan raguwa na 'yan kwanaki, amma bai lalace ba, kuma yawan ba wa jariri yakan dawo da shi. Yaye na gaggawa shi ne ke jawo wa yaro rama da gudawar da ake tsoro.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a duba mai jego cikin awa 24 na farko, da kwana na 3, da mako na 2, sannan a mako na 6, kuma a bar aƙalla wata 24 kafin wani cikin. Duban ƙarshen ya zo kusan daidai da arba'in. Maigida, kafin a yi shirin yawon arba'in, ka raka mai jego asibiti, ku tambayi ma'aikaciyar jinya hanyar tazarar haihuwa da ta dace da mai shayarwa.