Cibiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam: ina amfaninsu ga ƴan kasuwa?

Mu da muke zama gaban makirfo muna amsa kiran masu saurare, akwai koken da kunnenmu ya saba da shi. Wata za ta ce an tsare mijinta a komisariya saboda bashin buhun gero, wani ya ce an karɓe masa kuɗi a kan hanya ba a ba shi resi ba, wata kuma ta ce mijinta ya rasu, dangi sun kulle shago sun bar ta da marayu. Idan muka tambaye su ko sun je wata cibiyar kare haƙƙin ɗan Adam, sai su ce ai wannan harkar ƴan boko ce. To, wannan zato shi muke son mu warware yau, domin rashin sani ya fi dare duhu.

A nan Nijar, waɗannan ƙungiyoyi sun fito fili a shekarar 1991, shekarar babban taron ƙasa. A cikinta aka kafa ANDDH, wadda daga baya ta buɗe cibiyar horo da ajiyar takardu a Yamai, da ofisoshin ba da shawarar shari'a kyauta a jihohi. A cikinta kuma aka kafa Timidria, sunan da ke nufin ƴan'uwantaka da Tamajak, domin yaƙi da bauta. Babban aikin irin waɗannan cibiyoyi shi ne koyarwa. Dokokinmu da Faransanci aka rubuta su, alhali mafi yawan masu saye da sayarwa a Maraɗi, Damagaram da Tawa da Hausa suke ciniki. Cibiya ke ɗaukar doka ta mayar da ita maganar da mai sayar da ƙuli-ƙuli za ta gane, ta horar da mutanen gari waɗanda ba lauyoyi ba ne amma sun san ƙofar da ake bugawa, ta kai bayani gidajen rediyo, ta zauna da sarakuna, malamai da jami'an tsaro.

Wanda ke shakkar amfanin wannan aiki, ya dubi labarin Hadijatu Mani, ƴar yankin Ƙonni cikin jihar Tawa. A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita jika 240 ta zama wahaya. A 2003 Nijar ta yi dokar da ta mayar da bautar da mutum babban laifi, mai hukuncin ɗaurin shekara 10 zuwa 30, amma doka ba ta da ƙafar da za ta taka zuwa ƙauye. Ƴan ƙungiya ne suka yi ta yawo da labarinta. A 2005 ubangidan Hadijatu ya ba ta takardar ƴanci, sai dai ya ce ita matarsa ce, ba ta zuwa ko'ina. Da ta auri wanda take so, kotu ta yanke mata ɗaurin wata 6 bisa laifin aure kan aure.

A nan ne aka ga amfanin haɗin kai tsakanin cibiyoyin gida da na waje. Timidria, tare da ƙungiyoyi biyu na Ingila, Anti-Slavery International da Interights, suka kai maganar gaban kotun CEDEAO. Kotun ta taso daga Abuja ta zauna a Yamai, kuma ranar 27 ga Oktoba 2008 ta ce gwamnatin Nijar ta kasa kare wannan baiwar Allah, ta umarci a biya ta diyyar miliyan 10 na sefa. Macen da ba ta taɓa shiga aji ba ta yi nasara a kan gwamnati, saboda ta samu waɗanda suka san hanya.

Dole mu faɗi gaskiya, wannan hanya ta canza. Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga CEDEAO a watan Janairu 2025, don haka kada wani ya ɗauki kuɗinku da alkawarin kai sabuwar ƙara Abuja. Amma ficewar ba ta fitar da Nijar daga yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam da al'ummomi ba, wadda aka amince da ita a Nairobi a 1981, ta soma aiki a 1986. Hukumar da ke sa ido a kanta tana Banjul, babban birnin Gambiya, har ta taɓa yin zamanta a Yamai a 2017. A Banjul ɗin ne kuma aka kafa cibiyar Afirka ta nazarin dimokuraɗiyya da haƙƙin ɗan Adam a 1989, wadda ta daɗe tana tara ƴan ƙungiyoyi daga ƙasashe dabam-dabam su koyi aiki da wannan yarjejeniya. Sai dai hukumar Banjul, a ƙa'ida, ba ta sauraren ƙara sai mai ita ya bi matakan shari'ar ƙasarsa tukuna. Ke nan sanin dokar gida ya ƙara daraja.

Ga kaɗan daga abin da ake koyarwa, wanda ya shafi aljihun ɗan kasuwa. Bashi tsakanin mutum biyu, in babu zamba ko cin amana a ciki, maganar alƙali ce, ba dalilin kulle mutum ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya da Nijar ta shiga a 1986 ta hana ɗaure mutum don kawai ya kasa cika alkawarin ciniki. Duk kuɗin da kuka biya hukuma, patanti ne ko kuɗin rumfa ko na duwan, ku nemi resi ku adana. Bashi mai nauyi kuwa a rubuta shi gaban shaidu, ko da da ɗan'uwa ne. Ga wanda ba shi da ƙarfin ɗaukar lauya, a 2011 aka yi dokar da ta kafa hukumar ANAJJ domin taimaka wa marasa hali a gaban shari'a.

Su ma cibiyoyin muna da magana da su. Taron otel da Faransanci ba ya kai wa ga matar da ke tsaron tirenta tun safe har magariba. Da yawansu da tallafin waje suke tafiya, in tallafi ya yanke aiki ya tsaya, shi ya sa wasu ke yi musu kallon ƴan amshin shatan Turawa. Maganin wannan zargi shi ne su shigo kasuwa, su yi magana da harshen mutane, su nuna cewa hana zalunci ba baƙo ba ne ga addininmu da al'adarmu.

Ku kuma shugabannin ƴan kasuwa, da iyayenmu mata masu adashi, kada ku jira sai an kama naku. Ku gayyaci ɗaya daga cikin waɗannan masana ranar taronku, ku ba shi ko da rabin awa, kowa ya zo da tambayarsa, tunda matambayi ba ya ɓata.

Allah ya kare mu daga zalunci, ya sa albarka a cikin nema.