Shamuwa na da Gata, Ungulu da Mujiya Fa?

Duk yaron da ya tashi a Kwargaba ko Lugu ko Achida ya san ba a jifar shamuwa. Da zarar ta sauka bisa tsamiyar gari, manya sun fara zancen iri da sharar gona, don damina ta ƙarato. Babu hukumar da ta kafa wannan doka, amma ta fi dokokin takarda da yawa aiki, kuma manomi ne ke cin ribarta, domin shamuwa fara da tsutsa take yini tana tsinta.

Akwai wasu tsuntsaye biyu da ke yi mana aikin da ya kai nata, amma su ba su da gata.

Ta farko ungulu. Dattawa suna tuna lokacin da mahautar Wurno ko ta Goronyo ba ta rabuwa da ita. Yau sai ka ci kasuwa tun safe har la'asar ba ka ga ko ɗaya ba. Ba ƙaura ta yi ba, kashe ta ake yi. Masu haɗa magungunan tsibbu na sayen kanta da ƙwanta, wasu kuma suna barbaɗa guba a mushe, gawa ɗaya ta hallaka garke guda. A 2015 aka saka ungulun da muka sani cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya. Abin da ya sa asarar ke da wuyar mayarwa shi ne ƙwai ɗaya tak take yi a shekara.

Wanda ke ganin wannan ba komai ba ne ya dubi Indiya. A shekarun 1990, wani maganin shanu mai suna diclofenac ya kashe fiye da kashi 90 cikin ɗari na wasu nau'o'in ungulun ƙasar. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Sai a 2006 gwamnati ta hana ba dabbobi maganin. Mu da ke da garake a Rabah da mashaya a gaɓar Rima, mushen da ya kwana uku kusa da ruwa ba ƙaramin haɗari ba ne.

Ta biyu mujiya, wadda camfi ya shafa wa baƙin jini. Tun da aka gina madatsar ruwan Goronyo a shekarun 1980, noman rani ya bunƙasa, shinkafa da albasa da tafarnuwa suka cika fadama, ɓeraye kuma suka samu wurin zama. Abincin mujiya ke nan kowane dare. Manomin da ya harbe ta don ta yi kuka bisa rumbunsa, ya koma kasuwa sayen maganin ɓera, wanda kaji da kyanwa ma ba ya bari.

Manyan namun dawa kam sun riga sun yi nisa. Dajin Gundumi da Baturen nan matafiyi Heinrich Barth ya keta a 1853 kan hanyarsa ta zuwa Wurno, yanzu da 'yan bindiga ake ambatonsa, kuma ɗan ƙauye ba shi da ta cewa a can. Amma kukar da ke bakin gari da giginyar fadama suna hannun mai unguwa da hakimi. A irin waɗannan dogayen itatuwa ne tsuntsayen ke sheƙa. Idan mai gari ya hana sare su, limami ya yi magana a huɗuba kan cinikin kan ungulu, sarkin fawa ya hana kafa mata tarko a mahauta, to an yi aikin da ba ya jiran kasafin kuɗi daga Sakkwato.